Wa ke riƙe da akalar Reluwe?

Duk lokacin da aka ta da maganar jirgin ƙasa a Najeriya, hirar ba ta wuce sabon layin da za a shimfiɗa, da bashin da za a ciwo daga Sin, da ranar da shugaban ƙasa zai je buɗewa. Ba kasafai ake tambayar wanda za a damƙa wa makullai ba bayan an kwashe rumfuna an watse. Mai karɓar makullan ita ce Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, NRC, wadda iyayenmu suka fi sani da Reluwe. Ita za ta nemo direba, ta sayi man dizal, ta sayar da tikiti, ta tura mai ɗaure kusar da ta kwance a dajin da babu kowa. A ganina ciwon jirgin ƙasa a ƙasar nan ya fi tsanani a yadda aka gina wannan hukuma fiye da a ƙarfen dogo. An jibga mata kowane aiki, an hana ta ikon da aikin yake bukata, kuma ba a ajiye kowa a gefe da zai riƙa duba ta ba.

Reluwe ba ta fara a matsayin kamfani ba. Turawan mulkin mallaka sun taso da dogo daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19, ya isa Ibadan a 1901. Gwamnatin Arewa, wadda a lokacin take Zungeru, ta ja nata daban daga Baro a bakin kogin Kwara zuwa Kano. An fara aikin a 1907 zamanin Gwamna Girouard, da ƙarfin talakawan da aka riƙa tarowa ta hannun sarakuna da hakimai don aikin diga, jirgi ya shigo Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layukan biyu suka zama sashe ɗaya na gwamnati, kamar sashen ayyuka ko na gidan waya. Daga nan aka yi ta ƙari: Fatakwal zuwa Inugu a 1916 saboda kwal, Zariya zuwa Gusau da Ƙaura Namoda a 1929, Kano zuwa Nguru a 1930. Na ƙarshe shi ne wanda ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964. Gaba ɗaya kimanin kilomita 3,500 ne, kuma faɗin tsakanin ƙarafunan ƙafa uku da inci shida.

Wanda ya kalli taswirar zai ga manufar a fili. Kowane layi teku ya nufa, ko Legas ko Fatakwal. Babu wanda ya ratsa Arewa daga yamma zuwa gabas, hasali ma Sakkwato da birnin Katsina ba su ga dogo ba. Don kaya aka yi shi: gyaɗa, auduga, fata da ƙirgi, kuzar Jos, kwal ɗin Inugu. Fasinja ƙari ne kawai. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa daga Kano, sai manoma da fatake irin su Alhassan Ɗantata suka ga gyaɗa ta fi ciniki, suka karkata can. Dalar gyaɗar nan da muke alfahari da hotonta ma tana da wata fuskar da ba a cika faɗa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kawunan jirgi da taragu sun yi ƙaranci, buhuna suka riƙa taruwa a Kano suna jiran layi, wani lokaci har kaka ta zagayo ta tarar da ta bara ba a gama kwashewa ba. Tsayin dala shaidar albarkar noma ce, amma kuma shaida ce cewa jirgi ya kasa.

A cikin wannan yanayi aka yi dokar 1955 da ta mai da sashen gwamnati hukuma mai cin gashin kanta. Yayi ne a lokacin, don an yi wa wutar lantarki haka, an yi wa kwal, an yi wa tashoshin jiragen ruwa. Niyyar mai kyau ce: a fitar da harkar daga jan ƙafar ofisoshin gwamnati, ta riƙa tafiya kamar kasuwanci, ta ci da kanta. Sai dai dokar ta haɗa abu biyu da ba sa tafiya tare. Ta tara wa hukumar komai, ita ce mai dogo, mai jirgi, mai tasha, mai filaye, mai shimfiɗa ƙa'idar tafiya, kuma ba wanda zai gudanar da jirgin haya a ƙasar sai da izini. Sannan ta bar wa gwamnati naɗa shugabanni, ta bar wa minista ikon ba da umarni. A wancan zamani da babu hanyar kirki tsakanin Kano da Legas, babu tirelar da za ta yi gasa da jirgi, abin bai fito fili ba. Mai kaya ba shi da zaɓi, dole ya zo tasha.

Tsarin da ake kai yau ɗan wancan ne kai tsaye. A sama akwai Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya. A ƙarƙashinta akwai kwamitin gudanarwa da gwamnati ke naɗawa, sai manajan darakta da shugaban ƙasa ke naɗawa, yana zaune a hedkwata a Ebute Metta ta Legas. Daraktoci ne ke kewaye da shi: na zirga-zirga da ciniki, na injiniyoyin dogo da gadoji, na injuna da sigina, na kuɗi, na ma'aikata. An raba ƙasar gunduma bakwai, kowace da manajanta, a Legas, Ibadan, Inugu, Minna, Zariya, Kafanchan da Bauchi. Huɗu daga cikin bakwai ɗin a Arewa suke. Akwai manyan gareji na gyaran kawuna da taragu a Ebute Metta da Zariya da Inugu, akwai rundunar 'yan sanda ta musamman, akwai asibitoci, akwai kuma wani kamfani na hukumar da ke kula da filaye da gidajenta.

A takarda tsari ne cikakke. Amma an yanka gundumomin nan ne a kan tsohon dogo, wanda yawancinsa yanzu shiru yake. Manajan gundumar Bauchi yana riƙe da ɗaruruwan kilomitoci da suka yi shekara da shekaru ba su ga jirgi ba. A gefe guda kuma ga sababbin layuka uku masu faɗin zamani, wato milimita 1,435 maimakon 1,067 na da: Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, da aka buɗe a Yulin 2016, Itakpe zuwa Warri a 2020, bayan fiye da shekara 30 da fara shi, sai Legas zuwa Ibadan a Yunin 2021. Su ne ke kawo yawancin kuɗin shiga, su ake nunawa a talabijin. Taragon tsohon layi ba ya hawa sabo, na sabo ba ya hawa tsoho, kuma sababbin ukun ba su haɗu da juna ba tukuna. Ke nan hukuma ɗaya ce ke riƙe da jiragen ƙasa iri biyu da ba sa gaisawa, da asusu ɗaya da ba ya nuna wanne ke ci da wanne.

Alƙaluma ba su da daɗin ji. A 1964 Reluwe ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya tan miliyan 1 da ɗoriya. A 2023, bayan duk biliyoyin da aka zuba, kuma a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, fasinja miliyan 2 da 'yan kai ne, kayan kuwa ba su kai rabin tan miliyan ba. Ma'aikatan da suka taɓa kai kusan 45,000 sun faɗo ƙasa da 10,000 a shekarun 2000. Dalilai na waje suna nan, ba a musu: yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas, kuɗin fetur ya gina manyan hanyoyi ya cika su da tireloli, fari da cutar gyaɗa sun kashe babban abokin ciniki a shekarun 1970, bututu ya ɗauke dakon mai. Amma kamfanin da ya san kansa, idan abokin ciniki ɗaya ya mutu sai ya fita neman wani, ya sauya farashi, ya rufe abin da ba ya biya. Reluwe ba ta da ikon yin ko ɗaya ba tare da ta jira izini ba, kuma ba ta da dalilin gaggawa tunda albashi ba daga ciniki yake fitowa ba.

An yi ta kawo ɗauki, kusan duk daga waje. A 1979 aka miƙa ragamar ga ƙwararrun RITES na Indiya, jirage suka fara zuwa a kan lokaci, suna tafiya a 1982 aka koma gidan jiya. A 1988 hukumar ta durƙushe. Aka kawo Samuel Ogbemudia a 1989 ya riƙe ta shi kaɗai ba kwamiti, ya ɗan farfaɗo da ita, ya tafi. Zamanin Abacha, a 1995, aka ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara ta fiye da dala miliyan 500. A 2006 Obasanjo ya sa hannu kan sabon layin Legas zuwa Kano na dala biliyan 8.3, gwamnatin 'Yar'aduwa ta dakatar, daga baya aka yanka shi gunduwa-gunduwa. A Disambar 2012 jirgin Legas zuwa Kano ya dawo a tsohon dogo, tafiyar fiye da awa 30. A 2017 aka yi ta murnar kamfanin GE na Amurka zai karɓi tsohon layin haya, zuwa ƙarshen 2018 ya janye. Kowane ɗayan waɗannan ya kawo mutum, ko kuɗi, ko ƙarfe. Babu wanda ya taɓa ginin hukumar kanta, shi ya sa da zarar baƙon ya juya baya sai tsohon hali ya dawo.

Inda abin ya fi bayyana shi ne wajen kuɗi. Idan za a gina sabon layi, ma'aikata ce ke zama da ɗan kwangila. Bashin, kamar dala miliyan 500 da bankin Exim na Sin ya bayar don layin Abuja zuwa Kaduna, gwamnatin tarayya ce ke ciwo shi, ita ke biya daga baitulmali. Reluwe sai dai a gama a miƙa mata. Kuɗin tikitin da ta tara yana shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati, albashi da manyan ayyuka kuma daga kasafin kuɗi suke zuwa, a ranar da aka ga damar saki. Wannan yana nufin babu littafi guda da mutum zai buɗe ya ga nawa aka kashe a layi kaza, nawa yake kawowa, nawa ya kamata a riƙa ajiyewa kowace shekara don ranar da ƙarfe zai gaji. Manajan da ya yi ƙoƙari ya ninka ciniki ba ya riƙe ribar ya gyara taragunsa. Wanda ya yi sakaci ma albashinsa ba ya raguwa. Mai gini bai damu da tsadar kulawa ba don ba shi zai kula ba, mai kulawa kuma ba a tambaye shi ba ranar da ake zana aikin. A Maris 2022 jirgin Legas zuwa Ibadan, sabo fil, ya tsaya a daji da fasinjoji saboda man dizal ya ƙare, har sai da aka kawo mai a duro. Mutane sun yi ta yawo da bidiyon suna neman wanda za a ɗora wa laifi. Ni abin da na gani a ciki shi ne layin da aka kashe wa fiye da dala biliyan ɗaya, amma ba a gyara hanyar da ƙaramin abu kamar mai zai riƙa bi ya isa tanki ba.

Duk wanda ya bi tashar Rigasa a shekarun da hanyar Abuja ta zama abin tsoro ya san yadda safiya take kasancewa. Tun kafin asuba layi ya miƙe, da ɗan kasuwa, da ma'aikaci, da tsohuwa mai zuwa asibiti, da babban jami'in da ya bar motarsa don gudun hanyar. Ana buɗe taga ba jimawa sai a ce tikiti ya ƙare. Amma a bakin ƙofa ga wani matashi zai matso ya yi maka raɗa, tikitin na nan a aljihunsa a kan ninki biyu ko uku. Jaridu sun yi ta rubutawa, an yi kame, an yi sauye-sauyen ma'aikata, abin bai tsaya ba. Sai a Janairun 2021 da aka ba wani kamfani mai zaman kansa aikin sayar da tikiti ta intanet, da yarjejeniya a rubuce da rabon kuɗi sananne, hukumomi da kansu suka ce kuɗin shiga ya ƙaru sosai. 'Yan cuwa-cuwa ba su ƙare ba, sun koyi sababbin dabaru. Duk da haka darasin ya fito: da aka ware aiki ɗaya, aka ba shi mai shi, aka sa ma'auni, nan da nan aka ga bambanci.

Abin da ya fi damuna, kuma ya fi shafar Arewa, shi ne yadda aka mai da dakon kaya ɗan bora. A yawancin duniya kaya ne ke riƙe da jirgin ƙasa, fasinja tallafi ake ba shi. A nan an juya abin, kuɗin fasinja ya ninka na kaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: jirgin fasinja mai sanyi shi ke ɗaukar hoto a siyasa, taragon siminti ba ya jefa ƙuri'a. Alhali hatsin kasuwar Dawanau, da shanun da ke sauka kudu, da takin zamani da siminti da kwantenar da ke hawowa, su ne suke fasa hanyoyinmu suna cin rayuka a kan tirela. A 2016 an gwada ɗaukar shanu kimanin 500 daga Gusau zuwa Legas a jirgi, aka yi biki, amma bai zama abin yau da kullum ba. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, sai ta Funtuwa, dukkansu da tunanin jirgi zai kawo kwantena daga tashar ruwan Apapa. Tashar tsandauri kuwa idan babu jirgin da ke zuwa a ranar da aka sani, filin ajiye tirela ce kawai. Mai kaya ba ya neman gudu. Yana so a ce masa za a ɗauka ranar Talata a sauke ranar Asabar, kuma hakan ta tabbata sau goma cikin goma. Hukumar da dakon kaya ba shi da asusunsa, ba shi da kawunan jirginsa, ba shi da shugaban da za a kora idan ya gaza, ba za ta iya yin wannan alkawari ba.

Sai filaye. Reluwe tana cikin manyan masu ƙasa a Najeriya, kuma filayenta a cibiyar gari suke, a Kano, Zariya, Kaduna, Jos, Kafanchan, Minna, don garuruwan a jikin tasha suka girma. A Japan da Hong Kong hayar shaguna da gidajen da ke kan filin tasha babbar hanyar kuɗi ce ga kamfanin jirgi. A nan je ka tsohuwar tasha ka gani. Kwatas ɗin ma'aikata rufi ya yaye, mai tumatir ya baza kayansa a tsakanin ƙarafuna, an kafa shaguna har bakin dogo, a wasu wurare ƙarfen ma an kwance an sayar wa 'yan gwangwan, an sha kama tireloli maƙare da shi. Dukiya ce da za ta iya ɗaukar nauyin gyaran layuka da yawa, amma talaka ba shi da inda zai duba ya ga fili nawa ne, wa aka ba, a kan nawa.

Maganar tsaro ta fi kowace nauyi. A daren 28 ga Maris 2022 'yan bindiga suka dasa bam a dogo kusa da Katari, suka buɗe wa jirgin Abuja zuwa Kaduna wuta. An kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da fiye da 60 daji, na ƙarshensu ba su fito ba sai a Oktoba, jirgin bai dawo aiki ba sai a Disamba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba wanda zai ce Reluwe ce za ta yaƙi 'yan ta'adda. Amma an riga an kai wa layin hari a Oktobar 2021. Bayan abin ya faru, ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ce ya nemi a sayi na'urorin sa ido na fiye da naira biliyan 3, majalisar zartarwa ba ta amince ba. Gwamnan Kaduna na lokacin, Nasir El-Rufai, ya ce sun rubuta suna neman a daina jirgin dare. Kowa ya nuna takardarsa. Abin da babu shi ne wata hukuma guda mai ikon cewa, a bisa doka, wannan jirgi ba zai tashi ba sai an cika sharaɗi kaza, kuma maganarta ta zauna ko minista bai so ba.

A harkar jiragen sama an daɗe da raba wannan aiki: mai ba da lasisi daban, mai filayen jirgi daban, mai kula da sararin samaniya daban, kamfanonin jirage daban. A tashoshin ruwa tun 2006 hukumar NPA ta koma mai gida, 'yan kasuwa ke sauke kaya. Waya tana da NCC, lantarki yana da NERC. Jirgin ƙasa ne aka bari, mahauci ne kuma shi ne duba-gari. Akwai ofishin sufeton jiragen ƙasa, amma yana cikin ma'aikatar da ita ce uwar hukumar. Dokar 2022 ta ba hukumar NSIB ikon binciken haɗarin jirgin ƙasa, wannan ci gaba ne, sai dai mai bincike bayan an faɗi yake zuwa. An sha kai ƙudurorin gyara majalisa, har an zartar da na kafa hukumar sa ido kan sufuri, shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a 2018. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, jirgin ƙasa ya fita daga jerin abin da tarayya kaɗai ke iko da shi, jihohi ma za su iya. Legas ta riga kowa, har jirginta na cikin gari ɗaya yana bin hanyar dogon Reluwe. Yanzu tambayar ta zama ta yau: idan jirage biyu na masu gida biyu suka nemi wucewa a lokaci ɗaya, wa zai raba? Nawa ne kuɗin hawa dogo, wa zai yanka? Bai kamata ya zama ɗaya daga cikin masu gasar ba.

Kada a ɗauka ina kiran a cefanar ne. Ingila ta yi haka a shekarun 1990, ta sayar har da dogon ga kamfanin Railtrack, bayan haɗarin Hatfield na 2000 kamfanin ya rushe, yanzu kuma gwamnati tana dawo da jiragen fasinja hannunta ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabciyarmu Kamaru ta ba Camrail hayar layinta a 1999, dakon kaya daga Duwala zuwa Ngaundere ya tsaya da ƙafarsa, fataken Arewacin Kamaru da na Chadi suna cin moriya. Amma a Oktobar 2016, da hanyar mota ta karye aka ƙara taragu don kwashe mutane, jirgin ya kife a Eseka, mutum 79 suka mutu, kotu ta kama kamfanin da laifi. Ɗan kasuwa ma idan babu mai tsawata masa zai yi ganganci. Gana kuwa tun 2008 ta raba mai dogo da mai jirgi a doka, amma layukan da ke aiki har yanzu kaɗan ne, wanda ke nuna raba ofisoshi shi kaɗai ba ya tuƙa jirgi. Misalin da ya fi kusa da abin da nake nufi shi ne na Jamus. A 1994 suka mai da hukumarsu kamfani mai rajista, gwamnati ce ke da shi ɗari bisa ɗari, amma dogo da tasha suna da kamfaninsu da littafinsu, kaya na da nasa, fasinja na da nasa, wasu kamfanoni na biyan kuɗi su hau dogon, mai sa ido kuma yana waje. Su ma suna fama da jinkiri da tsufan kayan aiki, amma idan abu ya lalace ana iya nuna inda ya lalace.

Don haka ra'ayina shi ne dogo ya zauna a hannun gwamnati, tsoho da sabo, a kamfani guda da aikinsa kawai kula da ƙarfe da gada da sigina, yana karɓar kuɗin hawa daga duk wanda ya bi. Filayen su zama nasa, a lissafa su a buga kowa ya gani, hayarsu ta tafi gyaran layi. Dakon kaya ya zama kamfani mai asusunsa, kuma a buɗe ƙofa ga masu siminti da fulawa da taki su kawo kawunansu da taragunsu. Layuka irin na Nguru da Ƙaura Namoda ba za su taɓa yin riba da fasinja ba, kuma wannan ba dalilin kashe su ba ne, don mutumin Malam Madori ko Gusau ɗan ƙasa ne kamar na Abuja. Abin da ya dace shi ne gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, ta ce ina son jirgi kaza a mako a wannan layi, ga abin da zan biya, a rubuta a fili. Tallafin da aka sani ya fi asarar da aka ɓoye. Kujerun kwamitin gudanarwa kuma su daina zama ladan siyasa, a ba su wa'adin da sauyin minista ba ya taɓawa, a tilasta buga lissafin da aka tantance kowace shekara.

Ba za a yi wannan a bayan idon ma'aikata ba. Ƙungiyar ma'aikatan Reluwe tsohuwa ce mai tarihi, ita ce ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945 da sunan Michael Imoudu ya fito a cikinsa. Idan suka ji kalmar garambawul gabansu faɗuwa yake, kuma suna da hujja: an rushe kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways a farkon shekarun 2000, ma'aikatansa da yawa sun mutu suna jiran haƙƙinsu kafin a waiwaye su a 2018. Duk gyaran da bai fara da ware kuɗin fansho da giratuti ba, zalunci ne, kuma zai mutu a bakin ƙofar gareji. Akwai kuma ilmin da ke kan tsofaffin direbobi da makanikan Zariya, wanda ya san inda ruwa ke cin dogo kowace damina, wanda ke gane ciwon inji daga ƙararsa. Cibiyar koyon fasahar sufuri ta Zariya da sabuwar jami'ar sufuri ta Daura za su yaye matasa, amma sai an samu wurin aikin da zai riƙe su, ya biya su abin da zai hana su gudu.

Lokaci kuma ba ya jira, don aiki na matsowa gida. A 2021 aka ƙaddamar da layin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203, da na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil na Fotugal ke gina shi. Wannan shi ne karo na farko da dogon Najeriya zai tsallaka iyaka, kuma zai haɗa Katsina da Maraɗi, mutanen da dama jininsu ɗaya, kasuwarsu ɗaya. Nijar ta riga ta ɗanɗana yadda dogo ke zama ba jirgi, don layin Yamai zuwa Dosso da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa, aka yi bikinsa a 2016, bai shiga aikin haya ba. Rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya nuna yadda siyasa ke iya tsai da ciniki dare ɗaya. Layin Maraɗi zai bukaci yarjejeniya kan wanda zai tuƙa a ɓangaren Nijar, inda kwastan za su duba kaya, da kuɗin da za a yi lissafi da shi, naira ko sefa. Babban ɗan kasuwar Maraɗi da ya saba shigo da kayansa ta Kwatano ko Lome ba zai sauya hanya don kyawun tasha ba. Zai tambayi nawa ne tan ɗaya daga Apapa, kwana nawa, kuma wa zai biya idan kwantena ta ɓata ko ta makara. Yana bukatar ofishi guda da zai sa hannu a kan amsoshin nan uku, a kai shi kotu idan ya saɓa. A tsarin da ake kai yanzu, farashin na jiran amincewar ma'aikata, man jirgin na jiran sakin kasafi, diyyar kuwa ba a san aljihun da za ta fito ba.